Tudun da ba a san asalinsa ba a filin unguwa

An yi tambaya kan asalin wani tudu da ke filin unguwa. Yawancin waɗanda suka tattauna batun sun yarda cewa irin tudun nan na filayen shaƙatawa a bayan gari galibi ƙasa ce da ɓaraguzan gini da magina suka tara, ciyawa ta rufe. Wani kuwa rufin tankin ruwa ne ko tsohuwar maɓoyar yaƙi, ana gane shi da bututun iska ko murfin ƙarfe a samansa. Kabarin mutanen dā ma yakan kasance, amma ba kasafai ba.

Shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce a gwada tsohuwar taswira da sabuwa. In tudun ya bayyana ne bayan an gina gidajen, an gano bakin zaren. Kuma kada kowa ya haƙa, domin wayar lantarki ko bututun gas na iya ratsawa ta ƙarƙashinsa. A tambayi hukumar yankin tukuna.