Wane barkwanci ne zai zaunar da dattijo da matashi a tabarma ɗaya?

Sakataren Matasa:

Assalamu alaikum. Ƙungiyar matasan unguwarmu za ta kafa majigi a filin firamare washegarin Sallah, bayan isha'i, kuma awa biyu kacal aka ba mu. Za a samu dattawa da mata da samari da yara. An tsayar da magana cewa barkwanci za a nuna, amma an kasa daidaitawa a kan na wa. Manya sun ce in ba Samanja ko Karkuzu ba, su ba su ga abin dariya ba. 'Yan shekara talatin zuwa arba'in sun kafe a kan Ibro. Ƙannenmu kuwa 'yan TikTok suke so. Me ya sa abin da yake sa wani ya riƙe ciki, wani ko murmushi ba ya yi? Kuma yaya za mu jera su kada wani ɓangare ya naɗe tabarmarsa tun da wuri?

Tsohon Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ku ɗora abin a kan shekaru kawai. Mutum yana dariya ne a kan abin da ya riga ya sani, in aka karkata masa shi kaɗan. In bai san asalin ba, ba zai ga karkatar ba.

Ɗauki Samanja. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 2023, soja ne na gaske, ba aron kaki ya yi ba. Dariyar wasansa a harshe take: Hausar bariki, da yadda yakan tsallaka daga Hausa zuwa Turancin soja a tsakiyar magana, da yadda yake ɗaukar tsawar fareti ya kai ta inda ba ta da wurin zama. Mutanen da suka kalle shi a NTA Kaduna sun yi rayuwa a ƙarƙashin mulkin soja. Sun san wannan muryar a kan titi, sun san ba a yi mata dariya a can. Da aka kawo musu ita cikin akwatin talabijin, aka ba su damar da ba su da ita a waje, shi ya sa take ratsa su har yau. Yaron da aka haifa bayan 1999 zai ga dattijo yana ɗaga murya ne kurum.

Marigayi Ƙasimu Yero a Karambana, da Karkuzu na Bodara daga Jos, duk gininsu na haƙuri ne. Ana iya ɗaukar minti biyar ana shimfiɗa magana, ana gaisawa, ana zagaye, kafin a sako abin da zai fasa taron. Wanda ya saba da wannan takun yana jin daɗin jiran kansa. Wanda ya saba da waya, kafin a zo wurin ya riga ya duƙar da kai.

Ibro kuwa wani gini ne daban. Rabilu Musa, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin gandiroba kafin ya koma fim, ya rasu a Disambar 2014. Shi jiki da fuska da murya ne jarinsa: zare ido, karya wuya, tsayawa cak kamar bai fahimta ba alhali shi ne ya kitsa ɓarnar. Yakan ɗauki sana'a ko abin da ake yayi a gari ya shiga rigarsa, ya kuma juya waƙar da kowa yake rerawa a lokacin. Nan ne ƙarfinsa, nan ne kuma rauninsa. Waƙar da ya juya a 2005, in mai kallo bai san ta asali ba, rabin daɗin ya tafi. Sannan finafinan camama, wato irin na barkwancin da yake fitowa a ciki, cikin 'yan kwanaki ake ɗaukar su, don haka akwai maimaici da ihu da guje-guje da sanda da yawa a tsakanin fitowa biyu ko uku masu kyau. Kada ku saka fim ɗin Ibro sukutum. Ku tsinto fitowar da ta tsaya da ƙafarta, wadda ba sai an san farkon labari ba. A ganina, fitowar Ibro guda mai kyau ta fi komai haɗa manya da yara, domin fuska ba ta buƙatar tafinta.

Inna Damagaram:

Sannu da ƙoƙari, Malam Sakatare. Baba ya yi bayanin sani, ni zan ƙara na izini, domin a nan ake yawan samun ɓacin rai.

A wurinmu ba kowa ne yake da ikon tsokanar kowa ba. Jika yana wasa da kaka, taubashi da taubashiya, ƙanin miji da matar wa. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, mu Damagarawa da Kanawa, duk akwai wasa a tsakani. Maganar da Bazazzagi zai jefi Bakano da ita a yi shewa, in wani can ya faɗe ta zagi ce. Mu a Nijar abin har an shigar da shi kundin al'adun duniya na UNESCO a 2014. Sharaɗinsa biyu ne: wanda aka tsokana yana da damar ramawa, kuma duk wanda ke wurin ya san akwai wasan.

Majigi ba ya cika sharaɗin nan. Idan ɗan wasa ya fito yana kwaikwayon Hausar Bagwari ko ta Bafulatanin daji ko ta ɗan kasuwar Ibo, wanda ake kwaikwaya yana zaune a cikin taro ba shi da bakin ramawa. Wani zai yi dariya, wani zai haɗiye ya tafi da ita gida. Ga ma'aunin da za ku yi amfani da shi wajen tacewa: a ƙarshen fitowar, wa aka yi wa dariya? In mutumin da aka kwaikwaya ne ya fita da wayo ya bar ɗan birni da hamma, ku saka. In kuwa an nuna shi wawa ne don kawai ƙabilarsa, ko ana dariyar in'ina ko gurgunta ko makanta, ku cire, ko da ta fi kowace ban dariya.

Sai maganar kunya. Mace ba za ta ƙyalƙyale a gaban surukinta ba, saurayi ba zai saki jiki a gefen mahaifinsa ba, balle in an taɓo zancen ɗaki ko na kishiya da gatse. Sau da yawa in aka ce dattawa ba su yi dariya ba, ba wasan ne bai yi ba, zaman ne bai yi ba. Ku ware wa dattawa kujeru a gefe guda inda ba a fuskantar su, mata a nasu ɓangaren da hanyar fita tasu, yara a gaba a kan tabarma, samari a baya. Kuma a samu mutum uku, dattijo ɗaya, mace ɗaya, saurayi ɗaya, su kalli komai daga farko har ƙarshe kafin ranar. Abin da ɗaya daga cikinsu ya ce ba zai iya kallo a gaban iyayensa ba, ya fita.

Ɗan Zoo Road:

Baba da Inna, a yi min afuwa, amma kada a mayar da yaran yanzu kamar ba su iya komai ba. Gina dariya cikin daƙiƙa sittin ya fi wuya a kan gina ta cikin rabin awa: dole a san waye wane a daƙiƙa biyar na farko, a juya labarin kafin hamsin. Marigayi Kamal Aboki, wanda ya rasu a hatsarin mota a Janairun 2023, ya iya wannan sosai. Kuma abin da suke taɓawa, bashin data, tsadar fetur, saurayin da ya ari kaya ya je zance, shi ne barikin wannan zamanin.

In kuna neman gada a tsakani, ku duba Gidan Badamasi na Arewa24. Uba mai dukiya da maƙo, 'ya'ya rututu kowa ido a kan rabonsa. Babu gidan da bai san wannan ba. Bosho ma yana zama lafiya a taron iyali, domin shi da sanyin murya da rainin hankali yake kamawa, ba da ihu ba.

Mai Haɗa Hoto:

Malam Sakatare, ga ɓangaren aiki, domin barkwanci mai kyau yakan mutu a fili saboda abin da bai shafi ɗan wasa ba.

Sauti ya fi hoto muhimmanci. Mutane za su yafe hoto mai hazo, amma in kalma ɗaya ta kuɓuce a ƙarshen magana, dariyar ta tafi. Ku nesanta janareta kamar taku talatin, a bayan katanga in akwai. Lasifika biyu, a ɗora su a kan tebur su wuce kawunan waɗanda ke zaune, kada a ajiye su a ƙasa inda jikin 'yan gaba zai shanye muryar. A rage ƙarar ganga ta ƙasa a ɗaga ta tsakiya, nan muryar mutum take. Tsofaffin wasannin da ke YouTube daga kaset aka kwafo su, sautinsu ƙasa-ƙasa ne da shuu a ciki, na TikTok kuwa a ƙure yake. In kuka jera su yadda suke, za a kasa jin Samanja, sannan na gaba ya firgita jarirai. Ku sauke komai tun kwana biyu kafin ranar, ku haɗa a fayil ɗaya, ku daidaita ƙarar kowane yanki. Kada ku dogara da intanet a daren Sallah.

Tsohon hoto kusan murabba'i ne. Ku bar shi da baƙi a gefe biyu, kada a ja shi ya cika ƙyalle, fuskoki za su baje. Bidiyon waya na tsaye kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙyallen kaɗai yake ci, 'yan baya ba za su ga fuska ba. Ku fifita waɗanda aka ɗauka a kwance.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Gajerun bidiyon nan an yanka su ne don mutum ɗaya da wayarsa, babu sarari tsakanin magana da magana. A taron mutum ɗari, dariyar farko takan ɗauki daƙiƙa uku zuwa biyar, ta danne magana ta biyu, wani lokacin ita ce ma babbar. Tsofaffin wasanni ba su da wannan matsalar domin takunsu a hankali yake. Maganinsa shi ne a bar daƙiƙa biyar na baƙin allo tsakanin kowane bidiyo da na gaba, kuma a zaɓi waɗanda dariyarsu ɗaya ce babba a ƙarshe. Masu cike da ƙarar dariyar roba da ƙarar faɗuwa a bar su, a lasifika babba suna gajiyar da kunne.

Jeri kuwa, ku fara da wanda ba magana, minti goma sha biyar na Mista Bean ko Charlie Chaplin, lokacin da ake shimfiɗa tabarma ana gaishe-gaishe, ba wanda zai yi asarar komai. Da wuri ya natsu, sai Samanja ko Karambana, minti ashirin da biyar, tun dattawa ba su fara jin barci ba. Kafin a kunna, wani dattijo ya karɓi makirufo minti biyu ya gaya wa yara waye wannan da zamanin da aka yi shi. Wannan ɗan bayanin yana sauya yadda samari suke kallo ƙwarai. Sai fitowar Ibro uku, kowace kada ta wuce minti bakwai. A huta minti goma, a nan masu tafiya za su tafi ba tare da an ji kunya ba. Rabin awa na Gidan Badamasi ko Bosho, sauran minti goma sha bakwai a bar wa 'yan TikTok. Ku sanar da mai unguwa tun da wuri, in kuma za ku karɓi kuɗin shiga, ku nemi izinin masu wasannin, a Kano har da Hukumar Tace Finafinai.

Sakataren Matasa:

Allah ya saka da alheri, iyayena da 'yan'uwa. Wani ya kawo shawarar mu gayyato ɗan kama ya yi wasa a tsakiya. Zai dace?

Tsohon Mai Rediyo:

Zai dace ƙwarai, ɗana, ku ba shi minti goman hutun nan ku ƙara masa biyar daga na wasan farko marar magana. Ɗan kama yana da abin da majigi ba shi da shi: yana ganin fuskokin mutane, in magana ba ta karɓu ba nan take yake sauya hanya. Wasansa kuma a kan tuwo da miya da loma yake, yana juya waƙoƙin manyan mawaƙa ya mayar da su na abinci, ba wanda zai ce an taɓa shi. Ku zauna da shi tukuna ku gaya masa su waye za su halarta, domin wasu suna kwaikwayon karatun malamai, kuma ba kowane taro ne yake ɗaukar wannan ba. Ku yanke kuɗinsa tun kafin ranar, ku ce masa banda kiran sunan mutum a roƙe shi a bainar jama'a. Kada a rikita muku shi da 'yan gambara, su wasansu akwai batsa a ciki, ba na filin da mata da yara suke ba ne. A ba shi makirufo marar waya, a kunna fitila ɗaya a kansa, a kashe majigin har ya gama.