Kano zuwa Legas da Hajiya: jirgi ko mota?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Ƙanwata ta haihu a Agege, suna ranar Lahadi, Hajiyarmu ta ce sai ta je. Shekarunta 68, ga ciwon gwiwa, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Kuɗin da ke hannuna ba yawa. Wanda ya yi tafiyar nan da tsohuwa ya ba ni shawara.

Mai Goro: Mota mana. Ka shiga laksari ta Sabon Gari da yamma, washegari kana Legas. Dubu 40 na biya.

Ɗan Kwari: Yaushe rabonka da hanya? Ni dubu 55 aka karɓa a hannuna, ban da kuɗin kaya.

Maman Ilham: Bayin Allah, ya ce ciwon gwiwa fa. Hanyar nan ta haura kilomita 1,000. A sama wajen awa ɗaya da rabi ne daga filin Malam Aminu Kano zuwa Ikeja, kuma Agege na nan kusa. Ka daure ka saya mata tikiti.

Alhajin Singa: Awa ɗaya da rabi a takarda, Hajiya. Bara na sayi tikitin ƙarfe 9 na safe don ɗaurin auren ɗan yayana. Tun 7 nake filin jirgi. Aka ce 12, aka ce 4, da magariba wata yarinya ta fito ta ce an soke. Babu haƙuri, babu ko ruwa. Yaron shagona da na sa a mota ranar da ta gabata don ya kai kayan lefe shi ya wakilce ni, ni kuwa ina kan benci da babbar riga mai sitaci. Kuɗina sai da na yi wata uku ina bi. Har yau uwar angon ba ta daina yi mini gori ba.

Mai Goro: Alhaji ai rigar ta halarci biki, a filin jirgi 😂

Alhajin Singa: Dariya gare ka, ni dubu 130 na biya.

Maman Ilham: Dubu 130? Ni 95 na saya, sati biyu kafin tafiya. Wanda ya jira ranar shi ake yanka.

Tsohon Direba: Shekara 20 ina jan mota a hanyar nan. Ta Tegina, Mokwa, Jebba, Ilorin ta fi kusa, amma ramuka da tirela. Ta Abuja, Lokoja, Okene ta fi tsawo. Ko wacce ka bi, kar ka sa tsohuwa a kujerar baya.

Ɗan Kwari: Baba, ku da kuka ajiye sitiyari tun fetur na naira 87?

Tsohon Direba: Yaro, ramin da na sani a Mokwa ya girme ka.

Baban Ummi: To ni dai jirgin ko motar?

Mai Goro: Abin haushin ma jirgin ƙasa ne. Na Abuja zuwa Kaduna tun 2016, na Legas zuwa Ibadan 2021, tsakiyar an bar mana ita fayau.

Alhajin Singa: Ko tsohon layin nan da muke shafe sama da awa 30 a ciki, da kwanon tuwo da tabarma, a dawo mana da shi. Shi aƙalla in ya tsaya a Minna kana iya sauka ka miƙe ƙafa.