Nijar ta fice daga ECOWAS ba tare da yarjejeniya ba, mu 'yan kara da wace doka muke tafiya?

Dillalin Kara, Daura

Assalamu alaikum jama'a. Ni dillalin dabbobi ne, kasuwata Mai'adua. Tun ina yaro nake bin mahaifina muna tsallaka Kongolam mu shiga Matamaye, wani lokaci har Damagaram, mu sayo tumaki. Bokona bai yi nisa ba, a rediyo nake jin duniya, don haka wanda ya sani ya fahimtar da ni.

Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun bar ECOWAS nan take. ECOWAS ta ce ba haka ake yi ba, dokarta ta ce sai da sanarwar shekara guda. Aka yi ta ja-in-ja, aka tura shugaban Senegal da na Togo su lallashe su, ba su lallasu ba. Ranar 29 ga Janairun 2025 fita ta tabbata, kuma ranar babu wata takarda da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu da ta ce ga yadda mutum zai shiga, ga abin da rago zai biya. An yi saki, ba a raba kayan ɗaki ba.

A watan Mayun 2025, layya na ƙaratowa, Nijar ta hana fitar da dabbobi. Kara ta yi fayau. Mutanen da ke zuwa mana daga Legas da tirela suna ta zagaya turke suna neman uda da balami, sai 'yan ragunan gida muke nuna musu. Mu da muke cin la'ada mun san yadda sallar nan ta zo mana. Ga kuma hanya: a shinge ɗaya jami'i ya karɓi katina na ɗan ƙasa ya duba ya miƙo mini, a na gaba wani ya juya shi gaba da baya ya ce wannan ba ya aiki yanzu. Wanne ne mai gaskiya a cikinsu? Kuma an taɓa yin irin wannan fitar a wani wuri? Na ji ana ambaton Ingila.

Tsohon Malami, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam Alhaji. An taɓa yi. A ECOWAS ɗin kanta Muritaniya ta fita a 2000, ba mu da iyaka da ita ne shi ya sa ba mu ji a jikinmu ba.

Ta Birtaniya kuwa, wato Ingilar da ka ambata, ta fi tsawo. Ranar 23 ga Yunin 2016 suka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 suka ce a bar Tarayyar Turai, 48 suka ce a zauna. Ƙuri'ar ba ta faɗi yadda za a fita ba, nan rigima ta kwanta. Firaminista Theresa May ta yi cinikinta da Turai ta kawo majalisa ranar 15 ga Janairun 2019, mutum 432 suka ƙi, 202 kawai suka yarda. Sau uku tana kawowa ana mayar mata da ita, har da 'yan jam'iyyarta a masu ƙin. Wasu na cewa ta yi laushi da yawa, wasu kuma fitar ce ba sa so gaba ɗaya. Dole ta sauka.

Boris Johnson ya hau a Yuli ya ce ranar 31 ga Oktoba za a fita, da yarjejeniya ko babu. Majalisa ta yi doka ta ɗaure masa hannu. Ya kori 'yan majalisa 21 daga jam'iyya, ya kuma rufe majalisar na mako biyar, Kotun Ƙoli ta ce rufewar haramtacciya ce, suka koma kujerunsu.

Me suke tsoro haka? Kuɗin fito a kan kaya dare ɗaya, da layin manyan motoci a tashar Dover, da yankewar magani. Amma abin da ya fi cin tuwo a ƙwarya iyakar Ayalan ce. Ayalan ta Arewa tana cikin Birtaniya, Jamhuriyar Ayalan tana cikin Turai, tsakaninsu iyakar ƙasa ta kusan kilomita 500, dangi ɗaya a ɓangarori biyu, an kuma sha zubar da jini kafin sulhun 1998. Ba wanda ya so a mayar da shingen kwastan a wurin. Da ka ji wannan ka san Katsina da Maraɗi ake ba ka labari.

A ƙarshe ba su fita haka nan ba. Sun bar ƙungiyar ranar 31 ga Janairun 2020, aka ci gaba da tsohon tsari na wata 11, aka ƙulla yarjejeniyar ciniki ranar 24 ga Disamba, saura mako guda wa'adi ya cika. A ganina abin da ya cece su majalisa da kotu ne. Tamu kuwa, a Yamai sanarwar talabijin aka yi, a Abuja taron shugabanni, ba wanda ya kira ɗan kara ko direba ya ji ta bakinsa.

Hajiyar Rafindaɗi

Malam, kada a ɗora wa mutanen Nijar laifin duka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wa ya yanke musu wuta? Wa ya rufe iyaka, ya ce zai tura soja? 'Yata tana aure a Maraɗi, ta haihu a lokacin, a kan babur na bi ta daji da garin kunu a cinyata kafin na je suna. Ba don sanatocin Arewa sun ƙi ba, malamai kuma suka tashi suka je Yamai, Allah kaɗai ya san inda za a kwana. Garin da har yau sarkinsa Sarkin Katsina ake ce masa, shi za mu kai wa yaƙi? An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma lokacin zuciya ta riga ta ɓaci.

Mai Fiton Kaya, Jibiya

Baba Alhaji, a takarda jami'in farko ne mai gaskiya. Ranar da fitar ta tabbata ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanen ƙasashen uku, su bar su su shiga ba biza, kayansu ma a bi da su kamar da. Su ma ƙasashen ukun, tun Disamban 2024 suka ce ɗan ECOWAS zai shiga ba biza. Sai dai kowa nasa alkawarin ya yi shi kaɗai. Na ECOWAS ya ce har sai an sanar da wani abu daban, nasu kuma ya ce suna da ikon hana wanda suka ga dama. A da dokar 1979 ta ba ka kwana 90, kana da abin kafa hujja. Yanzu alfarma ce. A Maris ɗin 2025 ma sun sa harajin kashi 0.5 a kan kayan da ke shigar musu daga waje, har da namu.

Shawarata, kada ka tsaya a katin ɗan ƙasa. Ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara.

Kuma Baba, ka yi mini afuwa, ko da ana cikin ƙungiyar ba a fasa rufe ƙofa ba. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 mu muka garƙame iyaka, kuma ɗan garinku Janar Buhari ne a kan kujera.

Dillalin Kara, Daura

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya raya jika. Kai kuma yaro na ji tsokanarka. Janar ya koma ga Mahaliccinsa, yana nan kwance a Daura, Allah ya jiƙansa. Rufewar iyakar don shinkafa aka yi ta, amma ban musa ba, mun sha wuya mu ma.

Takardar tafiyar da ka ambata, ita ce ƙaramar nan da ake yi a ofishin shige da fice? Yarana biyu ne ke kora mini dabbobi, ba su da komai sai katin zaɓe. Idan sai an je Katsina ake yi, faɗa mini abin da za su riƙe su tafi da shi, kada su yi asarar kuɗin mota.