Gobbledygook: wace kalma za mu ba ta da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin fassara. Jiya ina tsakiyar aiki kalmar gobbledygook ta tare ni. Ga inda na tsaya, malamai su duba mini.

Kalmar ba tsohuwa ba ce. Wani ɗan siyasar Amurka, Maury Maverick, mutumin jihar Texas, shi ya ƙirƙiro ta a 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Yana shugabantar wata hukumar gwamnati mai kula da ƙananan masana'antu, sai takardun ma'aikatansa suka ishe shi: manyan kalmomi jibgi guda, ka karanta sau uku ba ka san me ake nema ba. Ya rubuta musu umarni cewa a taƙaita, a yi Turancin da kowa zai gane. Daga baya ya ce kukan talo-talo ne ya zo masa a rai, yadda yake baza jela yana taƙama yana ta ƙara, alhali babu abin da ya faɗa.

Ga kalmomin Hausa da na gwada. Shirme ya yi faɗi da yawa, aikin hannu ma kan zama shirme. Sambatu na mai barci ne ko mai zazzaɓi. Soki-burutsu ya fi ba ni wahala, domin ya yi kusa. Amma mai soki-burutsu bai san inda ya dosa ba, zancensa ba kai ba gindi. Shi kuwa mai gobbledygook nahawunsa daidai ne, yana zaune a ofis cikin hankalinsa, wani lokacin ma da gangan yake lulluɓe maganar don kada a kama shi da alkawari.

Wani ya ce mini gwaranci. Don Allah mu bar wannan, sunan al'umma ne a ciki.

Ni dai na zaɓi dogon Turanci. Muna da ita tuntuni, kuma Bahaushe kan ce "bar dogon Turanci" ko da Hausa ake magana, saboda haka za ta zauna har a Nijar inda takardun ofis na Faransanci ne. Na tuna ranar da Baba ya miƙo mini wata wasiƙa mai shafi biyu kan kuɗin fanshonsa. Na karanta, na sake karantawa, ya ce, "To, za su biya ko ba za su biya ba?" Wallahi ban sami amsar a cikin takardar ba.