Muhawara: Shin Hoto Ya Ɓata Farauta Da Kamun Kifi?

Tsohon Maharbi: Assalamu alaikum. Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan: tun da waya mai kyamara ta shiga aljihun maharbi da masunci, abin da ake fita nema ya sauya, domin yanzu hoto ake farauta, dabbar kuwa ta zama kayan ado. Na fi shekara talatin ina shiga daji, kuma a da mutum yakan kwana uku yana bin sawu, ya dawo hannu rabbana, ba wanda zai ce ya yi asara. Matashin da ya koyi farauta daga fitattun maharba a Instagram da YouTube bai taɓa ganin waɗannan kwana ukun ba, saboda an yanke su daga bidiyon. Harbi yake gani, da faɗuwar dabba, da murmushi. Shi ya sa yake shiga daji a gaggauce, ya yi harbi daga nisan da ya fi ƙarfin hannunsa, ya ji wa dabba rauni ta je ta mutu inda ba mai samun ta. A ganina cutarwar ta rinjayi amfanin nesa ba kusa ba.

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam, Baba. Ba na jayayya da abin da idonka ya gani, amma akwai lissafin da ka tsallake. A Amurka ƙididdigar gwamnati ta nuna cewa mafarauta sun ragu daga miliyan 13.7 a 2011 zuwa miliyan 11.5 a 2016, alhali wani kaso na kuɗin kula da namun daji a can daga aljihunsu yake fitowa. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ce ta karkata harajin bindigogi da harsasai zuwa ga jihohi domin aikin kare dabbobi, harajin da ya kai kashi 11 cikin ɗari a kan doguwar bindiga, sannan dokar Dingell-Johnson ta 1950 ta yi irin haka da kayan kamun kifi, kuma yawan masu lasisi yana cikin abin da ake dubawa wajen raba kuɗin. Ke nan ana bukatar sababbin mafarauta, kuma yaron birni wanda ba shi da uba ko kawu maharbi, wa zai koya masa in ba bidiyo ba? Shirin farauta na talabijin mai suna MeatEater na maharbi Steven Rinella yana nuna fiɗa da sarrafa nama dalla-dalla, har da fitar da aka dawo ba a kashe komai ba. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Mai Fatsa: Ɗan'uwa Mai Kyamara, ka yi magana a kan kuɗi, bari ni kuma in yi magana a kan kifin kansa. A bara na fita da wani baƙo wanda yake da dubban mabiya, ya kama babban kifi da niyyar sakin sa. Ya cire ƙugiya, ya riƙe shi da busassun hannuwa, ya miƙo shi gaba don ya ƙara girma a hoto, sai ya ce haske bai yi ba, a juya kwale-kwale. Aka juya. Hularsa ta rufe sunan kamfanin da yake yi wa talla, aka sake ɗauka. Kifin ya kuɓuce ya faɗi cikin jirgi, yauƙin da ke kare fatarsa ya goge a jikin katako. Da aka mayar da shi ruwa ya ɗan yi iyo, baƙon ya rubuta cewa an sake shi lafiya lau, ni kuwa da muka dawo ta wurin da yamma na gan shi yana yawo ciki sama. Binciken da masana Ferguson da Tufts suka wallafa a 1992 a kan wani nau'in kifi mai suna tirawut ya nuna cewa cikin waɗanda aka gajiyar ba a fitar da su daga ruwa ba, kashi 88 cikin ɗari sun rayu, waɗanda aka riƙe a iska daƙiƙa 30 kashi 62, waɗanda suka yi daƙiƙa 60 kuwa kashi 28 kacal. Minti ɗaya ke nan, kuma ban taɓa ganin mai neman kyakkyawan hoto ya gama cikin minti ɗaya ba.

Malama Mai Nazari: Ina ganin kun tsaya a kan halin ɗaiɗaikun mutane, alhali babban tasirin yana wajen tsara doka. A watan Yulin 2015 wani likitan haƙori Ba'amurke, Walter Palmer, ya harbe zakin nan Cecil da baka a gefen gandun dajin Hwange na Zimbabuwe, zakin da masu bincike na Jami'ar Oxford suka saka wa na'urar bibiya a wuya. Zakuna da yawa sun mutu haka kafin shi ba a ji ba, amma wannan yana da suna, yana da hotuna. Cikin makonni kaɗan kamfanonin jiragen sama irin su Delta da United da American suka daina ɗaukar kawuna da fatun zaki da giwa da karkanda da damisa da ɓauna. Mutum zai iya yaba wannan ko ya kushe shi, sai dai ya kamata a lura cewa fushin da ya jawo matakin daga nesa ya taso, daga mutanen da zaki bai taɓa cinye musu saniya ba. Namibiya, wadda al'ummomin karkararta suke samun kuɗin shiga daga farautar da aka ba lasisi, ta fahimci haɗarin, har a 2018 ministan muhallinta Pohamba Shifeta ya sanar da hana mafarauta saka hotunansu da matattun dabbobi a kafafen sada zumunta.

Mai Kyamara: Malama, ai misalinki ni yake goyon baya. Idon jama'a shi ne ɗan sandan da daji bai taɓa samu ba. A watan Satumban 2022, a wata gasar kamun kifi ta Tafkin Erie a birnin Cleveland na Amurka, mai shirya gasar ya farke cikin kifayen wasu mutum biyu a gaban jama'a, sai ga dunƙulen dalma da yankan tsokar wasu kifayen da aka cusa don ƙara nauyi suna zubowa. Bidiyon ya karaɗe duniya, daga baya kotu ta ɗaure su kwana goma, aka kuma ƙwace jirginsu. Da a zamanin da ne, da surutu ne kawai a bakin ruwa.

Malama Mai Nazari: A'a, wuƙar mai shirya gasar ce ta kama su, kyamara yaɗawa kawai ta yi. Kuma ba sai da Instagram ake tona asirin manya ba: Sarki Juan Carlos na Sifaniya ya karye a ƙugu wajen farautar giwa a Botswana a 2012, jaridu suka yi masa ca, reshen ƙungiyar kare namun daji ta WWF na ƙasarsa ya sauke shi daga shugabancin girmamawa a shekarar.

Tsohon Maharbi: Madalla, Malama. Ɗana Mai Kyamara, ga inda gizo ke saƙar. Wanda kamfani yake biya don ya tallata bindiga ko fatsa yana bukatar sabon abu kowane mako, dabba kuwa ba ta san mako ba, tana da lokacin haihuwa da lokacin da doka ta hana taɓa ta. Idan lokacin ya rufe, mai talla ba ya rufewa, sai dai a tsallaka wata ƙasa, ko a shiga inda aka killace dabbobi, ko a taka doka. Akwai kuma tona wuri. Kwarin da mutum ya shekara goma kafin ya gane hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa, hoto ɗaya mai ɗauke da alamar wuri, wato bayanin ainihin inda aka ɗauke shi, ya isa ya cika shi da motoci. Hukumar yawon buɗe ido ta Jackson Hole a jihar Wyoming ta Amurka sai da ta fito a 2018 tana roƙon baƙi su daina saka ainihin wurin da suka ɗauki hoto, kuma masu gadin karkanda a Afirka ta Kudu sun daɗe suna irin wannan roƙo, domin ɓarayin ƙaho ma suna da waya.

Mai Kyamara: Na yarda da batun alamar wuri, Baba, ni kaina na kashe ta a wayata tuntuni. Amma daina nunawa gaba ɗaya ban yarda da shi ba, domin idan masu bin doka suka yi shiru, fagen zai zama na masu tsayawa da ƙafa a kan gawar dabba, su ne jama'a za su ɗauka a matsayin mafarauta.

Mai Fatsa: To ga sharaɗin da na kafa a kwale-kwalena tun bayan baƙon nan, ka faɗa mini ko za ka iya. Kifi yana cikin koma a ruwa har mai ɗaukar hoto ya shirya, a jiƙa hannu, a ɗaga shi sau ɗaya ina ƙirga goma, a mayar. Baƙi uku sun fasa fita da ni a bana saboda wannan, ɗaya daga cikinsu har ya tambaye ni ko zan sayar masa da ƙarin daƙiƙa ashirin.