Abin da ya sa muka ajiye alli

Tsohuwar malamar firamare:
'Yan'uwa malamai, ina so mu ji daga bakin waɗanda suka bar makarantun gwamnati ko suke shirin bari. Na yi shekara 11 ina koyarwa, kuma duk wanda ya ji na ajiye aiki sai ya ɗauka albashi ne kawai. Albashin yana ciki, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin ba ya ƙarewa da tashi daga makaranta. Nakan koma gida da tarin littattafan yara in yi ta dubawa har tsakar dare, 'yata ƙarama ta yi barci a cinyata, jan biro yana hannuna, ga shirin darasin gobe ban taɓa ba. Duk daren da za a wayi gari a koma aji, sai gabana ya yi ta faɗuwa, barci ya ƙaurace mini.

Tsohon malamin lissafi a sakandare:
Malama, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Abokin aikina ya tafi a tsakiyar zango, aka ɗora mini azuzuwansa a kan nawa da sunan kafin a kawo wani, aka shekara biyu ba a kawo ba. Muryata ta dushe, daga baya likita ya ce hawan jini ne. Da na kai kukana ga shugaban makaranta, tambayar da ya fara yi mini ita ce ko na cike rajista. Shi ya sa ban yi mamaki ba da rahoton 2024 na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna cewa malaman firamare masu barin aiki a duniya sun ƙaru daga kashi 4.62 cikin ɗari a 2015 zuwa kashi 9.06 a 2022, domin nauyin wanda ya tafi a kan na baya yake sauka, har shi ma ya gaza.

Malama da ke aji har yanzu:
Ni ban tafi ba tukuna, amma na rubuta takardar ajiye aiki tana cikin jakata. Abin da ya tsorata ni shi ne ranar da wani yaro ya zo mini yana kuka, na ji ko a jikina, alhali da can ni ce mai rarrashi. Malam, bayan ka bari, hawan jinin ya sauka kuwa?

Tsohon malamin lissafi a sakandare:
Ya sauka, Malama, ko da yake har yanzu ina shan magani. Kewar ɗalibaina ce ba ta sake ni ba.