Neman shawara: ƙungiyarmu ta aikin gayya ta shiga maganar sulhu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, a sakaya sunana. Ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon kai da kai a wajajen Yelwa, nan Bauchi. Aikinmu yasar kwata kafin damina, sharar maƙabarta, da ba da jini idan an nema. To yanzu samarinmu da na unguwar tsallaken kwalbati sun fara 'yar tsama. Asalin abin layin ruwa ne a rijiyar burtsatse, amma da yake yawancinmu Musulmi ne su kuma Kirista, an fara jingina shi da addini. Muna da ɗan abin da muka tara a asusu. Wasu sun ce a kama ɗakin taro a yi bita a buga riguna, wasu sun ce mu fara sintirin dare. Ina mafita?

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta: Wa alaikumus salam ɗana. Sintirin nan ku bar shi. Ranar da kuka ɗauki gora da tocila kun zama ɓangare, mutanen tsallake ba za su ƙara ganinku a matsayin masu yasar kwata ba. Kada kuma ku raina abin. Rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 daga gardama kan nama ya faro, ya fantsamo har cikin garin Bauchi, mu shaida ne. Ku fara da masu unguwannin biyu, ku je da ƙafarku, ba takarda ba.

Wata uwa: Ku maza kuna ta maganar sulhu, wa ke tsayuwa a layin? Mu ne da yara. Tun asuba ake jera jarkoki, wata ta ajiye dutse ta kama layi ta tafi ɗora koko, ta dawo an ture dutsen, yaro ya koma gida da kuka, yayansa ya fito da zuciya. Shi ke nan fa. Kuɗin rigunan nan ku ƙara kawunan famfo da su, a kafa kwamitin ruwa, mata daga kowane ɓangare, su riƙe makulli da kuɗin gyara tare.

Wani daga Gombe: Gaskiyar Hajiya. Mu da muka sha fama da 'yan Kalare, wato 'yan dabar Gombe, mun san wanda ke zuwa bita ba shi ke riƙe adda ba. Ku nemo yaran da ake jin maganarsu a majalisa, a damƙa musu shebur da baro, a kira su shugabannin aiki. Sannan ko sisin ɗan siyasa kada ya shiga asusunku, musamman idan zaɓe na matsowa.

Wata ɗaliba a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU): Ni dai ban ga laifin bita ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna da can abokan gaba ne, Faston har hannu ya rasa a rikicin 1992, amma zama da tattaunawa ne ya haɗa su har suka kafa cibiyar sasanci. Ƙungiyar Rotary ma ta sa zaman lafiya da riga-kafin rikici cikin manyan fannonin aikinta bakwai, tare da samar da ruwa.

Dattijon: 'Yata, ban ce kada a zauna ba. A zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan an yi gumi tare. A otal kowa alawus yake jira.

Wani ɗan'uwa Kirista: Ni ma ɗan Yelwa ne. Idan za ku sa ranar aiki, kada ta faɗo safiyar Lahadi ko Juma'a, Asabar ta fi. Ku gayyaci 'yan Boys' Brigade, wato ƙungiyar samarin coci, da zumuntar mata ta bakin fasto, su haɗu da 'yan agaji. Kuma ku fara da kwatar ɓangarenmu, mutanenmu za su lura. Abin da ya fi ba ni tsoro jita-jitar WhatsApp ce. A samu mutum biyar nan, biyar can, su yi musayar lamba, duk wanda ya ji an ce an sari wani ya buga ya tabbatar kafin ya tura.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Sai dai mai unguwarmu da na tsallake ba sa ga maciji.

Dattijon: To ku wuce wurin dagaci, shi zai kira su. Ku tafi da limaminku da faston can a mota ɗaya.